Karfatar Gwanki

Maharbi na aura. Ubana malami ne mai makarantar allo a Takur, lokacin da Takur ɗin ba ta wuce 'yan gidaje da rijiya ba, kuma dangi sun sha surutu da ya ba da ni ga mutumin da rabin rayuwarsa a dawa take. Malam ya ce musu mutumin yana salla, ba ya cin mushe, ba a taɓa kama shi da ƙarya ba, to me kuma ake nema? Ni ma ban ƙi ba. Na taɓa leƙensa ta jikin zana ranar da ya kawo wa Malam zabi sadaka, ƙato da shi amma ya rakuɓe can bakin zaure kamar mai laifi, na ce a raina wannan ba zai ba mace wahala ba. Har Allah ya karɓi ransa bai taɓa kirana da sunana ba, sai 'yar malam, ko ana daɗi ko ana faɗa.

Ƙauyensu, wanda ya zama nawa, a gindin dutse yake, ba nisa da garin Dutse. Gonakin duk sun jingina da duwatsu. Ƙasar wurin tana riƙe danshi, gero yana yi, dawa tana yi, ga dabino da giginya a kwari. Amma wanda ya yi gona a gindin dutse ya san ba shi kaɗai zai ci ba. Birai na sama suna kallonsa tun ranar da ya kai iri, manyan nan masu kan kare da muke kira gwaggon biri, ga gadu mai tonon ƙasa da haure, ga beguwa. Abin da ya sa ƙauyen ya zaunu tun kakanni shi ne akwai sarkin baka, kuma a zamanina maigidana ne.

Kada wani ya ji sarauta ya ɗauka wani abu ne. Babu rawani, babu doki, babu ko tabarma ta daban. Suna ne kawai, sai baka da kwarin da ya gada wurin ubansa. Amma yadda mutumin nan yake son sunan nan, ko ni bai so ni haka ba, na kuma sha faɗa masa. In yana cin tuwo aka yi sallama a zaure aka ce, "Sarkin baka yana ciki?" sai ka ga ya ajiye loma, ya gyara zama, ya yi kamar bai ji ba, don dai a maimaita. Nakan yi masa tsiya in ce, "Maigida, kunne ne ya toshe ko miya ce ta yi daɗi?" Sai ya ce, "'Yar malam, ba ki san mulki ba."

Aikin kuwa aiki ne. Shi ke buɗe farauta bayan an gama kaka, shi ke rufe ta da zarar hadarin bazara ya fara haɗuwa, don lokacin ne namun dawa ke haihuwa. Saurayin da ya karya wannan, a dandali ake tsayar da shi gaban 'yan mata, maigidana ya yi masa wankin babban bargo, kuma ba ya sake kuskurawa. In gero ya fara fitar da kai, yakan hau dutse ya ɗauke babban namijin da ke jan garken birai, sauran su ja baya har a yi girbi. Nama kuma yana da ƙa'ida. Duk babbar dabbar da aka kashe, karfata, wato ƙafar gaba haɗe da kafaɗarta, ba ta maharbi ba ce. Ta babban da ke ƙasar ce. Dagaci ake kai wa. In hakimi ya sauka kusa, ta wuce dagaci ta tafi wurin hakimi. In baƙon da ya fi hakimi ya zo, tasa ce. Maharbin da ya ci karfata a gidansa ya raina masu ƙasa, kuma ni ban taɓa jin wanda ya yi ba. Na daɗe ina gyaran nama, amma ban san ɗanɗanon karfata ba.

Zuwan Turawa bai taɓa mu da wuri ba. Mun ji an ci Kano, mun ga haraji ya canza kama, shi ke nan. Ina goyon ɗana na biyu aka yi shela a kasuwar Dutse cewa Nasara ya hana ɓarnar namun daji. Waɗanda suka ci kasuwar suka dawo suna dariya, wai mai shela ya ce kada a kashe giwa da raƙumin dawa, abin da ko kakata ba ta gani a ƙasarmu ba. In ya ambaci wasu dabbobin, labarin bai iso ƙauyenmu ba. Maigidana shi kaɗai ne bai yi dariya ba. Murna ya yi. Ya ce dama samarin yanzu sun fara fin ƙarfinsa, suna cinna wa daji wuta saboda gafiya da zomo, ga shi Allah ya kawo mai ƙarfin da zai tsaya masa. Da ya ji akwai Bature guda wanda ba shi da aiki sai daji, Baturen daji ake ce masa, sai ya ce, "Ashe su ma suna da sarkin baka." Tun daga ranar yake maganarsa kamar wani yayansa da ya daɗe a tafiya.

Da rani ya tsaya sai ga labari Baturen daji yana rangadi, zai sauka a barikin da aka gina wa Turawa a bayan garin Dutse. Dagaci ya aiko a tara mata su kai ruwa da itace, kamar yadda aka saba in Bature ya sauka. Maigidana kuwa ya ɗauki bakansa ya nufi dajin da ke tsakaninmu da Jahun. Ya ce ba zai gai da irin wannan baƙo da gada ko barewa ba. Gwanki yake nema, babbar dabbar nan mai tsayin doki da ƙaho lanƙwashe, kuma ba kowanne ba, wani tsohon namiji da garke ya kora, wanda ya daɗe yana ganin sawunsa yana ƙyale shi. Ya yi kwanaki. Ranar da ya dawo, samari na biye da shi ɗauke da nama, leɓɓansa duk sun tsage don ƙishi, amma bakinsa har kunne.

Ni na gyara karfatar. Na wanke ta, na ɗan nuna mata hayaƙi don kada ƙuda ya ɓata ta, na shimfiɗa ganye a sabon kwando, na rufe da farin mayafina na aure wanda ko ƙanwata ban taɓa yarda ta ara ba. Ni kuma na ɗauko ta a ka, tunda dama ina cikin matan da aka kira. Maigidana yana gaba da rigarsa ta Juma'a, baka a kafaɗa, kwari a baya, don ya ce maharbi ba ya zuwa gai da maharbi ba kayan aiki. Duk wanda muka gamu da shi a hanya sai ya tsaya ya faɗa masa inda za mu.

Mun tarar da Baturen a inuwar tsamiya, kan kujerar tamfol, jan mutum siriri, bai manyanta ba. Tafinta na tsaye gefensa, wani ɗan birni mai jar dara. Wakilin hakimi da dagacinmu suna zaune a ƙasa. Na sauke kwando na koma bayan randunan ruwa inda mata suke, daga nan ina ji ina gani. Maigidana ya tuɓe takalmi, ya faɗi ya ce, "Zaki!" yadda ake gai da su a lokacin, sannan ya yaye mayafin da hannunsa.

Baturen ya sunkuyo ya duba. Ya yi magana, tafinta ya ce, "Ya ce naman mene ne?"

"Gwanki ne, ranka ya daɗe. Namiji, tsoho."

"Ya ce wa ya kashe?"

Maigidana ya dafa ƙirji. "Ni ne. Ni kaɗai."

"Ya ce a ina?"

Ya faɗa, har da kwatancen fadamar da kukar da ya laɓe a bayanta.

"Ya ce kibiyar da dafi?"

Nan maigidana ya yi 'yar dariya, irin ta wanda aka yi wa tambayar yara, ya ce, "A gaya masa gwanki ba ya faɗuwa da tsinke. Dafin ubana ne, da kaina nake dafa shi."

Na ga dagaci ya sunkuyar da kai yana wasa da ƙasa. Na ga wakilin hakimi yana kallon sama kamar mai neman wata. Shi kuwa bawan Allah bai ga komai ba, Baturen kawai yake kallo. Da aka ce Bature yana son ganin bakan, da hannu biyu ya miƙa, yana nuna masa inda tafin ubansa ya cinye itacen. Da aka tambayi ƙahon, ya ce yana gida, ya sa wani saurayi ya ruga ya ɗauko. Baturen ya auna ƙahon da wani zare mai zane-zane, ya gyaɗa kai, har ya yi murmushi. Wannan murmushin ban yafe shi ba har yau.

Sannan ya yi doguwar magana, ba tsawa, ba ɗaga murya. Tafinta ya yi gyaran murya ya ce gwanki yana cikin dabbobin da doka ta hana a kashe sai da izini. Kibiya mai dafi kuma haramun ce a dokar Nasara. Mutumin nan ya amsa laifinsa da bakinsa a gaban shaidu.

Maigidana ya juya ya kalli dagaci, don bai gane ba. Dagaci, Allah ya jiƙansa, ya yi ta maza ya ce, "Ranka ya daɗe, gaisuwa ce. Al'adarmu ce. Da bai kawo ba, shi ne zai zama mai laifi."

Tafinta ya juya maganar, ya juyo da amsa. "Ya ce ya sani. Ya ce shi ya sa ba za a kai shi gidan yari ba."

Abin da aka yi masa maimakon gidan yari shi ne aka riƙe bakan da kwarin. Aka ce daga yau babu wani sarkin baka a ƙasar nan, daji na hukuma ne, za a turo malamin daji daga birni ya kula da shi. Dutsen da ke bayan gonakinmu da dajin da ke bayansa sun zama gandun daji, ba harbi, ba tarko, ba wuta. Maigidana yana durƙushe har aka gama. Da aka sallame shi ya sake cewa, "Zaki," don bai san wata kalmar da ake tashi da ita ba. Ya manta takalmansa, ni na ɗauko masa.

Washegari da muka kai ruwa, ƙanshin gashi ya cika bayan bariki, kuku da tafinta da masu ɗaukar kaya kowa bakinsa da maiƙo. Naman laifi ne, amma bai tsaya wa kowa a wuya ba. Kwandona na same shi a jefe gindin tsamiya, mayafin kuwa ban sake ganinsa ba. Ranar da Baturen ya tashi, na ga ƙahon ɗaure a saman kayansa, an naɗe shi da tsumma don kada ya karce. Daga baya muka ji shi kansa yana harbin gwanki da bindiga, wai shi yana da izini. Wa ya ba shi, oho, tunda shi ne mai bayarwa.

Na yi tsammanin maigidana zai yi fushi. Da ya yi, da na ji sauƙi. Cewa ya yi kuskure aka yi, tafinta ne bai iya bayani ba, in Baturen ya koma ya yi tunani zai aiko. Duk wanda ya taho daga Dutse sai ya tare shi ya tambaya ko an ba shi saƙo. Na ce masa, "Maigida, itacen baka bai ƙare a dawa ba. Ka sassaƙa wani ka ɓoye, kowa haka yake yi." Gaskiya na faɗa, don kafin shekara ta kewayo kusan kowane gida da baka a soke cikin jinka. Ya dube ni kamar na ce ya yi sata. Ya ce, "Su ba a kira su gaban jama'a an hana su ba. Ni aka kira. In na harba a ɓoye, ɓarawo na zama. Da hannunsu suka karɓa, da hannunsu za su mayar." Na ce to Allah ya ba mu tsawon rai.

Sai daji ya zama ba mai shi. Malamin dajin da aka turo, daga shi sai dogarinsa, ƙasar kuwa daga nan har Jahun. Ba mugu ba ne, yakan ma tsaya ya sha fura a gidanmu, amma ina zai kai? Samari suka shiga harbi rani da damina, tunda babu mai tsayar da su a dandali, kuma ba a kai wa kowa karfata, don kai ta tona wa kai asiri ne. Barewa ta yi wuya, gwanki ya zama labari. Birai kuwa da gadu, da yake ba mai cin namansu, ba wanda zai ɓata kibiyarsa a kansu. Suka samu dutse an ce nasu ne, suka yi ta hayayyafa.

Ni na san abin da damina ta koma. Daga fitar kan gero har girbi muna gona, ni da yara, muna kaɗa ƙwarya, muna ihu har murya ta dushe. Da farko biran suna gudu. Daga baya suka gane ƙwarya ba ta kisa. Babban namiji sai ya zauna a kan kunya yana karya zangarniya yana kallona, in na jefe shi ya ɗan gusa ya ci gaba. Wata shekara ɗayansu ya biyo 'yata har bakin rijiya ya yaga mata zane da cinya, da tabon ta yi aure. Maigidana yana nan tsaye da sanda, mutumin da a da hango shi kawai suke yi su watse. Rumbun da yake kai mu wata kaka ya koma ƙarewa tun kafin bazara. Na koyi cika wa yara ciki da kwaɗon tafasa. Maƙwabta suka fara sakin gonakin gindin dutse suna ƙaura, babban ɗanmu ya tafi cin rani bai sake dawowa da zama ba.

Kowace shekara in gero ya fara kai, maigidana yakan je wurin dagaci, dagaci ya kai kuka wurin hakimi, hakimi ya ce zai gaya wa Bature in ya zo. Amsa iri ɗaya take dawowa: doka ce, ba a taɓa ta. Baturen da ya karɓi bakan ya tafi ƙasarsu, wani ya zo, shi ma ya tafi. Ba na jin akwai wanda ya san inda bakan yake, watakila gara ta cinye shi a wani ɗakin ajiya, watakila yana rataye a bangon wani can ƙetaren teku. Maigidana ya koma tufkar igiya da saƙar zana. Mutane suka koma ce masa Baba kawai. In baƙo ya yi kuskure ya ce sarkin baka, sai ya ɗaga hannu ya ce, "A'a, an ɗage wannan tukuna." Tukuna! Ba abin da ke ƙona mini rai kamar in ji tukunan nan a bakinsa.

Muna nan har jirgin ƙasa ya iso Ringim. Sai duniya ta koma gyaɗa. Aka yi ta shela kowa ya shuka gyaɗa, Nasara yana so, kanti yana saye, da ita ake fita haraji. Aka shuka har gindin dutse, a gonakin da aka saki. To biri da gyaɗa, sai ka ce biki aka yi masa. Tun ranar shuka suke bin kunya suna tone irin, wanda ya tsira su tuge shi in ya yi 'ya'ya. Jakuna suka riƙa tafiya Ringim da buhuna rabi-rabi. Ba a daɗe ana haka ba sai ga sabon Baturen daji da kansa a gindin dutsenmu, yana duba ramukan da birai suka tona, yana girgiza kai. Geronmu da birai suka yi shekara da shekaru suna ci, da cinyar 'yata, da ɗana da ya bar gida, babu wanda ya taso daga birni dominsu. Dokar da aka ce ba a taɓa ta, ashe tana taɓuwa in gyaɗa ce ta yi kuka.

Ina daka da hantsi na ji sallama a zaure, muryar malamin daji. "Salamu alaikum. Sarkin baka yana ciki?"

Maigidana yana gindin rumbu yana tufka. Igiyar ta suɓuce daga hannunsa. Ya tashi har yana tuntuɓe da turmi, tsoho da shi, gemu fari fat. Na ji malamin yana cewa an gyara doka, hukuma ta gane birai maɓarnata ne, ta ba da umarni a rage su. Bature ya ce a nemo wanda ya san dutsen, dagaci ya ce ai akwai sarkin baka. Gobe da safe ana son ganinsa a gindin dutse.

Da ya shigo na ajiye taɓarya na ce, "Ka ce musu ba ka da lafiya. Ka ce ka manta hanya. Su je su tambayi gyaɗar ta nuna musu."

Ya ce, "'Yar malam, sun gane. Na gaya miki za su gane."

"Sun gane me? Yunwarmu suka gane ko buhunansu?"

"Ko ma mene ne. Da bakinsa ya faɗa, kin ji shi. A zaure, mutane na wucewa."

Ya ce in ba shi man shanu. Ya zauna yana murza kafaɗunsa da damatsansa, yana ɗaga hannu yana jan iska kamar tsirkiya ce, yana cewa ƙarfin bai tafi duka ba. Yana ta tambayar kansa ko bakan ubansa za su kawo ko sabo, in sabo ne sai ya ɗan jima kafin ya saba da hannunsa. Na bar shi. Ina da baki, kowa ya sani, amma ranar ban iya ba.

Ya fita da sassafe, ya dawo bayan la'asar. Ba baka a kafaɗarsa. Wani gwangwani ne mai murfi a hannunsa, ya rataye shi can saman rumbu inda jikoki ba za su kai ba, ya ce kada kowa ya taɓa. Na tambaye shi, ya ce har yanzu kibiya mai dafi haramun ce, wannan ba a gyara ba. Abin da aka halatta wani farin gari ne, guba, da ake zubawa cikin kabewa a ajiye. Abin da suke so wurinsa shi ne ya nuna musu hanyoyin da birai ke bi da kwarmin dutsen da suke shan ruwa, ya kuma riƙa ajiye kabewar, tunda shi ya san inda za su ɗauka. Na ce, "Ka nuna?" Ya ce, "Na nuna."

Bayan 'yan kwanaki na je itace wajen, na gani da idona. Birai kwance ko'ina a kan duwatsu, manya da ƙanana, bakinsu da kumfa, hannuwa a dunƙule. Ungulayen da suka sauka a kansu su ma ga su nan a baje. Karnukan ƙauye da suka bi wari ba su dawo ba, haka awakin wata maƙwabciyata da suka samu ragowar kabewa. Ni da na yi shekaru ina tsine wa birai, ina roƙon Allah ya kawo abin da zai share su, na tsaya a wurin na kasa cewa alhamdu lillahi. Na juyo gida ba itace.

Na tarar da shi a tsakar gida yana wanke hannu da toka, ya wanke ya sake wankewa. Bai ɗago ba ya ce, "Cikin biran akwai wata mai goyo. Ta mutu, ɗan yana maƙale a jikinta yana tsotso. Malamin daji ya ce kada a bar ko ɗaya." Ya ƙara ɗibar toka. "Da sanda na yi, 'yar malam."

Ban ce masa dama na faɗa ba. Na yi ta zuba masa ruwa har tulun ya ƙare. Tuwon da na ajiye masa haka na ɗauke shi.

Da safe dogarin malamin daji ya yi sallama. "Sarkin baka! Sarkin baka yana ciki? Yau dutsen gabas za a yi."

Maigidana yana zaune gindin rumbu, ya ji. Ya ce mini a hankali, "Ki ce ba na nan."

Na fita zaure na ce, "Ɗan nan, ba ya nan. Ya yi sammako."

Dogarin mai ladabi ne. Ya ce, "Ba komai, Iya. An ce kada in koma sai da shi. Zan jira." Ya tuɓe takalmi ya zauna a dakalin ƙofar gida, duk wanda ya wuce ya tambaye shi sai ya ce sarkin baka yake jira.

Muna ciki muna jin sa. Rana ta ɗaga, inuwar rumbu ta janye daga kan maigidana, bai gusa ba. Can sai ya dafa gwiwa ya miƙe, ya sa hula, ya kai hannu saman rumbu ya sauko da gwangwanin. Bai dube ni ba. Na ji dogarin ya tashi yana cewa, "Barka da fitowa, sarkin baka," na kuma ji maigidana ya amsa.